Ƙirjin Rigar Tahani

Shekara ashirin da shida ina kan keken nan
a layin teloli na kasuwar Gadarif.
Jallabiya fara, gobe ma jallabiya fara,
wuya, hannu, aljihun gefe,
ko ido a rufe ƙafata ta san hanya.
Manoman riɗi su zo da kaka, su biya, su tafi.
Ban san akwai rigar da za ta hana ni barci ba.

Sai ga Tahani ran Talata da takardar makaranta,
wai ita ce gimbiya a wasan ƙarshen shekara.
Ta zana rigar a bayan littafin lissafi:
ƙasa kamar buɗaɗɗiyar laima,
sama a matse, gaban ya sauko da tsini
kamar bakin ganyen mangwaro.
"Mama za ta yi siket. Baba, ƙirjin naka ne."

Na ce wannan ai aikin rabin wuni ne.
Alfaharin tela, almakashi ke jin sa.

Uwarta ta ciro tsohon tobinta daga akwati,
ruwan zoɓo, mai santsi kamar kifin tafki.
Na shimfiɗa, ya zame. Na danne, ya gudu.
Na ja alli a miƙe yadda na saba,
na yanka, na ɗinka, na gwada mata,
sai ga 'yata a cikin buhu mai tsada.

Usta Jibirin na rumfar kusa ya yi dariya
har jabanarsa ta zube masa a cinya.
Sannan ya ɗauki ƙyallen, ya tsunkuli yadi nan da nan,
ya ce, "Mutum ba bango ba ne, Haladu.
Riga ma sai ta rusuna."

Na warware. Na koyi tsunkule.
Ƙyalle bakwai na haɗa maimakon biyu,
na yi shafi da ragowar farin yadin wani alhaji,
na yanko siraran sanduna daga tsohuwar jarkar mai,
na goge bakinsu a dutse kada su soke ta,
na zura su cikin kalmasa, rigar ta tsaya da kanta
a kan teburi, tana kallona.

Da dare wuta ta ɗauke, kamar kullum.
Na kama waya a haƙori, haskenta a kan allura,
ina dasa ƙyalƙyali ɗaya bayan ɗaya.
Na daina ƙirga a ɗari biyu da wani abu.
Allura ta sha jinina sau ɗaya kusa da kafaɗa,
na rufe wurin da fure. Furen hagu ke nan.
Na dama na yi shi ne don kada a tambaya.

A tsakiyar ƙirji na ɗaure murjani uku,
na kakata, da ta taso da su daga Haɗeja a ƙafa,
Makka a zuciyarta, Gadarif a rabonta.
Ba ta ga teku ba. Murjanin dai daga can ya fito.

Ranar gwaji maɓalli ya ƙi shiga.
Ashe da nake awo ta riƙe numfashi,
wai haka gimbiyoyi ke tsayawa.
Na ce, "Saki cikinki, 'yar nan.
Gimbiyar da ba ta cin kisira ba a gidana take ba."
Na sake warwarewa, na ƙara yatsa biyu,
wurin numfashi, wurin dariya, wurin abincin rana.

Ta sa. Ta juya a tsakar gida da silifas ɗin wanka.
Akuya ma ta bar tuƙa.

Bayan mako, na koma kan farin yadi,
wani manomi ya dawo da jallabiyarsa,
ya nuna mini ƙyalƙyali ɗaya, ja,
da ya maƙale a ɗinkin aljihu.
Na miƙa hannu zan ɗauki reza.
Ya ce, "Bar shi. Ƙaramar 'yata ta riga ta gani."